Maganin Ƙwannafi Ba Ya Kaiwa Zuciya

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko bayan fari, mijina kafinta wanda kansa ya fi katakon da yake yankawa tauri,

Yau babu gaisuwa. Ga ni a kan benci a ƙofar ɗakin da aka kwantar da kai, tunda ka juya mini baya ka ce kada a sake yi maka maganar aikin da likita zai yi maka. To, ba magana ba ce wannan, rubutu ne, kuma sai ka karanta.

Wata huɗu! Wata huɗu kana hawa bene da ƙofa a kafaɗa, ƙirjinka na matsewa, kana tsayawa wai igiyar takalmi kake ɗaurewa. Ni za ka yi wa haka? Ni da sanin ciwo ne sana'ata?

Ka manta ranar da muka haɗu? Ka zo gyaran kabad a ɗakin bincikenmu, ka same ni ina ɗiga ruwa mai tsami a kan ƙwayar jijiya, wani layi yana zabura a fuskar kwamfuta. Ka tambaye ni me ya firgita shi. Na ce a jikin ƙwayar akwai ƙananan ƙofofi a rufe. Da tsami ya taɓa su sai su buɗe, gishirin jiki ya kwarara ciki, wuta ta bi jijiya har ƙwaƙwalwa, mutum ya ce wayyo. Ka yi dariya har guduma ta suɓuce maka, ka ce ashe akwai ƙofar da ba kafinta ya kafa ba. Cikin wannan dariyar na faɗa, har yau ban fito ba.

Ga sauran karatun, ya kai mai kunnen ƙashi. Idan hanyar jini ta tsuke, naman zuciya yana aiki babu isasshiyar iska, sai ya tara tsami. Ƙofofin nan su buɗe, su yi ta kururuwa don a cece ka. Naka sun yi aikinsu tsakani da Allah. Kai kuma me ka yi? Ka riƙa tauna maganin ƙwannafi kamar alewa! Tsamin ba a cikinka yake ba, masoyina, a zuciyarka yake, inda maganin nan ba ya kaiwa.

Yanzu ka ce wa likita ciwo ya lafa, a sallame ka, ƙofofin mutane shida na jiranka a shago. Ya lafa? Kwance kake, ina zai tashi! Kuma kullum ina gani da idona a wurin aiki: in tsami ya daɗe a kansu, ƙofofin nan rufewa suke su yi shiru, layi ya kwanta, alhali tsamin yana nan daram. Shirun nan ya fi ihun ba ni tsoro.

Abin da ya fi ƙona mini rai kuwa, ni na sayo maka kwalin maganin na farko. Ka ce abinci ne ya tsaya maka, na yarda, don ina sauri. Na sha ciro takardunsa daga aljihunka ranar wanki ban tambaya ba. Shekara tara ina sauraron jijiyar ɓera a ɗakin bincike, ban saurari ta mijina ba. Rabin wannan fushin da kaina nake yi, sauran naka ne, kuma ba zan rage maka ko kaɗan ba.

Takardar amincewa tana kan durowar gefen gadonka, biro yana cikin ambulan nan. Da safe likita zai zagayo. Ka sa hannu, hasken gidana. In ka ƙi, wallahi Yayarka zan kira, ka san ta fi ni baki.

Ƙofar ɗakinmu shekara uku tana ƙara, kullum ka ce gobe. Na rantse babu kafintan da zai taɓa ta in ba kai ba. Kada ka bar ni da wannan ƙarar ni kaɗai.

Taka a yau, taka har numfashina na ƙarshe, cikin fushi da ƙauna,

Matarka, wadda ke zaune a bakin ƙofa