Waya Mai Kai Uku

Zuwa ga ɗana Muhyiddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara, da kuma haƙurin zaman Legas. Mu nan Minna sai godiya, ban da gwiwar nan da ka sani. Maƙwabcina Ndatsu ne ke rubuta mini, na kuma gargaɗe shi kada ya gyara mini magana.

Kayanka sun iso. Luke mai haɗa wayoyi ya kafa talabijin a bango, ya ajiye wani baƙin akwati da ya kira risiba a ƙarƙashinta, ya rarraba sifika biyar a ɗaki, har da wata ƙatuwa a ƙasa mai sa ƙirjin mutum rawa. Ya ce komai sai ya bi ta cikin akwatin nan kafin ya kai talabijin. Dikoda ta shiga lafiya da wata waya mai faffaɗan kai. Da aka zo kan bidiyona, sai ga wayarsa mai kai uku, ja da fari da rawaya, babu ramin da zai karɓe ta. Ya juya akwatin ya duba, ni ma na karɓa na duba. Babu.

Ban roƙe ka talabijin ba. Tsohuwar tana nuna mini abin da nake so, wato kaset ɗin walimar saukarka, inda marigayiya mahaifiyarka take dariya tana korar mai hoto da ludayi. Nan kaɗai muryarta ta rage a duniya, kuma kowace Juma'a bayan la'asar nake kunnawa.

Luke ya ce akwai wani ɗan akwati da ke sulhunta tsohuwar waya da sabuwa. Ya tafi da bidiyon shagonsa a Sauka Kahuta zai gwada. Ka buga masa ya hanzarta.

Ka gaida jikokina.
Mahaifinka, Ayuba.

*

Muhyiddeen,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni dai ga ni nan.

Na gaji da jira, na hau Keke Napep na je shagon Luke. Ya ce ai ka buga masa, ka ce kada ya wahalar da kansa a kan tarkace, ya rabu da shi, za ka turo mini finafinai masu kyau. Shi kuwa ya bai wa 'yan gwangwan.

Kaset ɗin yana ciki, Muhyiddeen.

Ka san ban iya karanta rubutun da ke jikin kaset ba, duk baƙaƙe ne a idona. Tun rasuwarta na saka nata a cikin bidiyon ban sake fitarwa ba, don kada ya ɓace mini cikin na taron ma'aikatan reluwe. Nan ne ɗakinsa. Ndatsu ya ajiye biro yana tambayata me ya hana ni gaya wa Luke. Na ce masa ya rubuta abin da aka sa shi. Dattijo kamata zai tsaya gaban yaron da ba nasa ba ya ce yana kallon matarsa? Kai ne ya kamata ka sani. Da ka taɓa zama da ni Juma'a ɗaya a zuwanka, maimakon yawon gaida abokai, da ka sani.

Finafinanka sun iso. Jiya aka yi harbi a ciki, ƙarar ta fito ta bayan kaina, har Ndatsu ya kwanta a ƙasa.

Mahaifinka, Ayuba.

*

Muhyiddeen,

Assalamu alaikum. Allah ya sa kowa na lafiya. Na ga kiranka, ban ɗauka ba.

Na gano 'yan gwangwan. Sun riga sun fasa bidiyon sun kwashe jan ƙarfen ciki. Babbansu ya ce kaset ba ya hawa sikeli, wani manomi daga Wushishi ne ke zuwa yana tattarawa. Na shiga mota da gwiwar nan na bi shi har gona.

Zare kaset ɗin yake yi, ya ɗaura zaren a kan sanduna a saman shinkafarsa. Idan iska ta kaɗa sai ya yi walƙiya yana wani siririn kuka, tsuntsaye su watse. Gonar duk zare ne, daga wannan gefe zuwa wancan. Mutumin kirki ne, da ya ji abin da ya kawo ni ya ce in kwance duk wanda na gane nawa ne. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina taɓawa. Rana ta riga ta cinye su, duk iri ɗaya. Na kasa kunne ko zan ji wani abu. Iska ce kawai.

Matar da ta goya ka, yau tana gadin shinkafar wanda bai taɓa saninta ba.

Kada ka turo komai kuma. Na sa Luke ya kwance kayanka, suna zaure a cikin kwalayensu, ka aiko a ɗauka. Baki biyar ka cika mini ɗaki da su, babu nata ko ɗaya. Wayar nan mai kai uku kaɗai na riƙe, ita ma ba ta da inda za ta shiga.

Gobe Juma'a.

Mahaifinka, Ayuba.