Injin da Shakiru Yake Bukata

Zuwa ga ƙanena Mahama a Hamburg,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, Allah ya sauƙaƙa maka sanyin can da maganar takardun zama. Hajiya Sala tana nan da ciwon gwiwarta, kullum kana cikin addu'arta. Matarka Zuleha tana ƙoƙari, amma ta rame.

Injin da ka aiko wa ɗanka Shakiru na motarsa ta wasa mai rimot ya iso. Ya yi murna har ya sa shi ƙarƙashin matashi. Na san ka ce a ba ka mafi gudu, abin da kowane uba zai yi ke nan. Sai dai ba irinsa yake bukata yanzu ba. Injinan nan na zamani da ake kira marasa burushi ba ɗaya suke ba. Naka irin wanda sandar cikinsa ke juyawa ne, lambar KV ɗinsa, wato lambar gudunsa, babba ce, an yi shi don tsere a fili. Kuma ba shi da sensa, wato bai san inda ya tsaya ba, shi ya sa yake kakkarwa kafin ya tashi, sannan ya zabura. Akwai wanda gwangwanin wajensa ke juyawa, ba gudu sai ƙarfin ja. Mai sensa kuwa yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da tire.

Ga dalilin. Shakiru ya daina fita lungun Alabar inda nake tara yara muna haɗa motocin nan. Ciwon ƙodar ya kwantar da shi, ƙafafunsa sun kumbura. Motar ce ƙafarsa yanzu. Yana ɗaura mata kofi ya tura ta daga tabarmarsa zuwa madafa, uwarsa ta zuba koko, ya jawo ta. Ya ce ta haka ba ya jin ya zama kaya a gidan. Da muka sa injin naka, motar ta zabura ta watsar da kokon, ta faɗa gota, cikin ruwan kwata. Bai yi kuka ba. Ya ce kada in gaya maka, wai za ka ji kunya. Na gaya maka ne don ba ni da wata hanya. Na zagaye kasuwar Kejetia, masu kayan lantarki sun ce ba su taɓa ganin mai sensa ba.

Ka nemo mai sensa, mai ƙaramar lamba, tare da akwatin da ke sarrafa shi, don namu ba zai karɓe shi ba. A waya Zuleha tana ce maka jikinsa da sauƙi. Ni na zauna da likita, kuma ya daina maganar warkewa. Na san ba ka da halin zuwa, ba kuma wanda ya zarge ka.

Ka gaida Fusena da mijinta. Hajiya, Mamuna da Hamamatu suna gaishe ka.

Mahama, kada ka sa injin cikin gangar kayan da kake turowa ta jirgin ruwa. Ka ba mai tahowa ta jirgin sama, ko wane ne.

Wanka,
Abdulsalam