Hannun Rigar Aurena

Litinin, 22 ga Afrilu

Taraktar ta sake mutuwa, wannan karon a tsakiyar gona. Ta yi tari uku, ta tofar da baƙin hayaƙi, shi ke nan. Na dawo gida a ƙasa, takalma duk taɓo.

Mijina Shulin yana bakin taga inda na bar shi. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye a Disamba, kalma biyu ta rage masa: "a'a" da "can". Shekara talatin yana tuƙa ƙarfen nan, ko murfin tanki bai taɓa bari na taɓa ba. Yanzu ga shi, ga ni.

Laraba, 24 ga Afrilu

Ɗanmu Yanbo ya kira daga birnin Harbin. "Mama, in biyar ga Mayu ta yi waken nan bai shiga ƙasa ba, zan ba ƙungiyar manoma gonar, na zo na kwashe ku."

Gidansa a bene yake, hawa na goma sha ɗaya. Ubansa ba zai yi wata guda a can ba. Ban faɗa ba. Na ce ya riƙa cin abinci.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Nie bakanike, mai kiran Shulin Yaya, ya zo ya kwance matacin mai, ya ɗaga shi sama yana yatsina fuska.

"Matar Yaya, wannan dizal ne ko kunun masara?"

Ya ce in an kawo duron mai a bar shi kwana biyu kada a girgiza, dauɗa ta kwanta, kuma ba a zuƙo na gindi. Sannan a tace. Na ce ai ina tacewa, da tawul ma, wankakke tas. Sai da ya zauna a kan taya don dariya.

"To tawul ɗin ne ya shaƙe ta. Zaren auduga ke bin mai. Siliki ake sawa, na gaske. Yaya ya sani."

Ya wanke komai, amma ya ce in ta ƙara toshewa famfon man zai tafi, kuma irinsa ko a bola ba a samu yanzu.

Shulin yana jin mu ta taga. "Can, can," yana nuna ɗakin ajiya. Na ɗauka fitsari yake ji.

Asabar, 27 ga Afrilu

Ruwa tun safe. Ina zaune ina jiran mai ya kwanta, kamar mai jinya biyu.

Lahadi, 28 ga Afrilu

Wannan kam sai na rubuta.

Na shiga ɗakin ajiya neman sifana. A ƙasan akwatin kayan aikinsa na ga gwangwanin shayi, ciki wani tsumma baƙi ƙirin, an ninke shi da kyau. Na wanke. Jan siliki ne. Ga rabin furen da mahaifiyata ta ɗinka da hannunta.

Hannun hagu na rigar aurena ne.

Shekara tara ke nan da na buɗe adaka na tarar an yanke shi. Ƙanwarsa Shuzhen ce kaɗai ta taɓa cewa tana son silikin, don haka na kira ta ɓarauniya a teburin Sabuwar Shekara, gaban kowa. Ta ajiye tsinken cin abinci ta fita, ba ta ƙara tako gidan nan ba. Shekara uku da rasuwarta. Ranar binne ta a can baya na tsaya, ina ji da kaina.

Shi kuwa yana teburin ranar. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da cin abincinsa.

Na ajiye masa tsumman a cinya. "A'a," ya ce. Ido ɗaya ya kawo ruwa. Ban share masa ba.

Talata, 30 ga Afrilu

Ina ba shi kunu, ina wanke shi, ina juya shi. Magana dai ba na yi masa.

Tsumman ya huje, ba zai tace komai ba. Nie ya ce silikin kasuwar gari duk roba ne. Na ce a raina to ta toshe mana, a kai shi hawa na goma sha ɗaya ya yi ta kallon bango. Ya cancanta.

Na fi jin haushinsa ne don nawa laifin ya fi nauyin ɗauka. Shi ya yi shiru, amma bakin da ya yi maganar nawa ne.

Alhamis, 2 ga Mayu

Adakar na buɗe don kaya su sha iska kawai. Almakashi kuma yana kusa.

Hannun dama. Na shimfiɗa shi a bakin mazurari, mai ya riƙa sauka a hankali, garau kamar shayi. Abin da ya rage a kan silikin: tsatsa, yashi, mataccen ƙuda guda.

Tun safe har rana ta faɗi taraktar ko tari ba ta yi ba.

Asabar, 4 ga Mayu

Waken ya shiga ƙasa, har kusurwar bakin rafi. Na ce wa Yanbo kada ya wahalar da kansa.

Na wanke silikin na shanya a tagar Shulin, nan ne rana ta fi bugawa. Na faɗi yadda injin ya yi yau. Ba da Shulin nake ba, da taga nake.

Gobe zan je kabarin Shuzhen. Zan ƙona mata gaban rigar, mai furanni, kamar yadda muke aika wa matattu kaya, ta samu a can. Bayan rigar zan ajiye don tace mai, akwai huɗar kaka.

Da nake gyara wa Shulin matashi na tambaye shi ta wane gefen tudun kabarin ake hawa. Na san hanyar sarai.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ɗaga hannun mai lafiyar.

"Can."