Babin da Baba Ya Hana Ni

Litinin, 6 ga Oktoba
Likita ya ce idon Baba ba zai dawo ba. Tun da muka iso gida bai ce uffan ba, abinci ma sai an yi da gaske. Mutumin da ya shekara talatin yana koyar da adabin Turanci, bakinsa ba ya hutawa. Tsoro nake ji kar ya fid da rai.

Alhamis, 9 ga Oktoba
Yaya ya ce in riƙa karanta masa tsofaffin littattafansa da yamma. Ni da ko a makaranta barci suke sa ni. Shi dai ya ba da umarni ta waya ya huta.

Talata, 21 ga Oktoba
Littafin da muke karantawa labarin wani mai gyaran agogo ne da ƙanensa, shekara ashirin ba sa ga maciji. Jimla ɗaya sai ta cinye rabin shafi, ruwan sama kuwa ba ya ɗaukewa a garinsu. Na kwafsa wajen faɗin wani suna, Baba ya ja tsaki ya gyara min. Wallahi tsakin nan ya yi min daɗi. Yau ya cinye abincinsa.

Laraba, 29 ga Oktoba
Ƙanen nan ɗan rainin hankali ne. Baba ya ce in yi masa uzuri, wai marubucin ya san talauci ciki da bai. Ban yi ba.

Asabar, 1 ga Nuwamba
Muna isa babin ƙarshe Baba ya ce, "Rufe, 'yar nan." Wai bai taɓa karanta wa ɗalibai ƙarshen littafi ba, wanda abin ya dama ya je ya nema. Na ce, "Baba, ai kai ake karanta wa." Ya ce shi ya san ƙarshen tun ba a haife ni ba. Har da dariya. Haushi kamar in fashe.

Lahadi, 2 ga Nuwamba
Na karanta babin da safe a tsaye a kicin, shayi ya huce. Don in tabbatar ban yi kuskure a kan ƙanen ba ne kawai. Ashe na yi. Na yi kuka kaɗan.

Mun yi musu da Baba har azahar, muryarsa har waje. Ya ce gobe mu huta, na ce to. Na dai sauko da wani littafin daga kan kanta, ƙura ce ta yi masa yawa.