Kunnen Hagu na Na'ima

Abena, Njamena
4 ga Satumba

Yaya Gado,

Gaisuwa cikin sunan Almasihu. Ina fata kai da iyali kuna lafiya a Kusiri. Rubutowa na yi, don in waya ce ba za ka bar ni in kai aya ba.

Jiya wani jami'in ilimi ya shigo mini gida da jaka. Wai an kai ƙara cewa na kulle Na'ima ban sa ta lekol ba, wato makarantar gwamnati, in ban kai ta ba kuma ba za ta zauna jarrabawa ba. Ni da na haife ta! Shekara huɗu ina koya mata Faransanci da lissafi, kullum mu buɗe da addu'a da Zabura. A ajinsu na da, yara sun haura ɗari, tana can baya da kunne ɗaya, ba ta jin komai. Lokacin wa ya zo da jaka? Yau Na'ima ce, gobe sai su zaɓa mana addu'ar da za mu yi.

Na san maƙwabciyata Zaliha ce ta kai ƙarar, ita ke jin waƙoƙinmu ta katanga. Ta aiko da kisra, burodin dawan nan, na mayar mata da kwanonta wayam. Ta gane.

Ƙanwarka,
Talatu

Kusiri
8 ga Satumba

Zuwa ga Talatu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarki ta iso. Ki wanke Zaliha, ni ne na rubuta ƙarar.

Da Ista na yi wa Na'ima tambaya uku da Faransanci, ta tsaya tana kallona kamar baƙo. Shekara talatin na yi ina koyarwa, na san yaron da bai gane ba. Bangaskiya dabam, takarda dabam. Marigayi Yusuf, mahaifinta, ba zai so a bar ta haka ba.

Yayanki,
Gado

Abena
13 ga Satumba

Yaya,

Na gaishe ka, don an koya mini gaida manya.

Kai? Ka ci tuwona, ka sa mana albarka, ka koma ka ɗauki biro? Gadar Ngeli ce kawai tsakaninmu, amma ka kasa tambayata sai ka tambayi hukuma. Kuma kada ka ƙara sako sunan Yusuf. Shi ya fara zaunar da ita a kan tabarma yana koya mata karatu a gida.

Jami'in ya dawo ya gwada ta. Zaliha, wadda na ci wa fuska, ita ta fara shigowa, ta ce masa: “Wallahi yarinyar nan ke karanta mini takardun lokotoro in na dawo daga asibiti.” Kunya ta kusa kashe ni. Da ya rasa abin da zai ba Na'ima ta karanta, sai ya zaro wasiƙar ƙarar da ka rubuta, ya naɗe wurin sa hannun. Ta karanta tas, har inda ka ce ba ta san komai ba. Sannan ta ce: “Mama, rubutun Kawu ne.” Ranar ba ta ci abinci ba.

Ka san abin da ya sa ba ta amsa maka ba da Ista? A hagunta ka zauna. Kunnen da sanƙarau ya kashe. Kai ka ɗauke ta zuwa asibiti a shekarar, amma ka manta.

Jami'in ya ce za ta iya zama jarrabawar daga gida in wani tsohon malami ya sa hannu kafin ƙarshen wata. Ga takardar. Ba roƙonka nake yi ba. Na karɓo kwanon Zaliha na cika shi da waina, na je na durƙusa mata.

Talatu

Kusiri
15 ga Satumba

Talatu,

Ina gaisuwa. Na sa hannu, ga ta nan. Na yi laifi.

Ranar Lahadi zan zo sujada wurinku. Ki tambayar mini Na'ima ko za ta yarda in zauna a damanta.

Yayanki,
Gado