Rakiyar Baba Zuwa Bakin Gada

Ƙofar Marke,
Sakkwato.

Zuwa ga ƙanena Sharifuddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da karatunka da ruwan saman Malesiya da ka ce ba ya gajiya. Allah Ya buɗa maka ƙirji, Ya haɗa ka da malamai masu adalci, Ya dawo mana da kai lokacin da ya dace. Mu nan kowa lafiya, alhamdu lillahi. Inna na nan, gwiwar ta yi sauƙi, amma har yanzu ta fi yarda da man zafin Gwaggo Hauwa'u a kan duk abin da likita ya rubuta. Ƙanwarmu Wasila ta gama jarrabawa, ta ce ta yi ƙoƙari, mun ce Allah Ya sa malamanta su ma haka suka gani. Yaya Sirajo ya leƙo ranar Juma'a, ya ci tuwo, ya ba kowa shawara, ya tafi.

Na zaɓi in rubuto maka ne don na lura idan na aiko saƙon murya mai tsawo, farkonsa kawai kake ji ka amsa da addu'a. Maganar kuwa ba ta farko kaɗai ba ce. Na ga saƙonka da kake cewa za ka nemi a dakatar maka da karatu ka dawo gida saboda Baba, ko kuma aƙalla ka aiko masa da wani sabon gem, wato wasan kwamfuta, tunda wancan ya ƙare. Ina so ka karanta wannan har ƙasa kafin ka yi ko ɗaya daga ciki.

Ka san yadda ka bar shi: kwance a asibiti, ɓarin hagu ya shanye, magana tana fita da ƙyar. Ka kuma san dariyar da muka yi maka da ka aiko da kwamfuta da wasan nan na intanet, ka ce maɓallan tafiya a hannun hagu suke, za su motsa masa yatsu. Ni ce na fi kowa dariya, na ce mutumin da ya yi shekaru yana auna filaye a ma'aikata ba zai zauna yana korar dodanni da mashi ba. To, ya zauna. Ya sa wa mayaƙinsa suna Maccido, sunansa na gaskiya, ya ce bai ga abin da ya yi ba da zai ɓoye suna. Ya bi labarin nan kamar aikin gwamnati da aka ba shi wa'adi: an ƙwace gari, an kori sarauniya, sai an ƙetare daji da gada da duwatsu an je an tumɓuke azzalumin. Wata da watanni, da an kawo wuta ko sola ta ɗauka, yana kai. Likitan da ke yi masa gashin jiki ya ce yatsun sun fara buɗewa. Ya dawo cin abinci a tsakar gida. Har Inna ta san sunan azzalumin, tana tambaya ko an kusa gamawa da shi.

An gama da shi ana gobe Sallah ƙarama. Aka yi kiɗa, sunaye suka yi ta hawa sama, sannan aka mayar da Baba dandalin garin farko aka ajiye. Ya zagaya wurin duk waɗanda suka saba aiken sa, maƙeri da mai gadi da tsohuwa mai magani, kowa ya gode masa da kalmomi iri ɗaya, ba wanda ya ce ga wani aiki. Ya koma washegari, godiyar jiya suka maimaita. Sai ya dube ni ya ce an yi masa ritaya karo na biyu, wannan karon ko agogon bango ba a ba shi ba. Na yi dariya. Shi bai yi ba. Ya rufe kwamfutar ya tura ta ƙarƙashin gado.

Abin da ya biyo baya shi ne ka ji a muryar Inna har hankalinka ya tashi, kuma ba ta ƙara gishiri ba. Ya koma ɗaki. Hannun ya fara dunƙulewa kamar da. Abokansa in sun yi sallama a zaure sai ya ce a ce yana barci. Ya daina yi wa Wasila faɗa a kan rediyo, wannan kuwa ya fi komai tsorata ni.

Sai na ɗauki abin a matsayin bincike, tunda dai an ce na yi digiri biyu a nazarin zamantakewa, ya kamata wani ya amfana. Idan na taso daga makarantar da nake koyarwa sai in biyo gida kafin in wuce wurin maigidana Mu'az, in jawo kwamfutar, in zauna bakin gadon Baba ina duba me mutane ke yi a wasan bayan labari ya ƙare. Ashe abin yi da yawa, ko dai abin da suke kira abin yi. Na nuna masa kamun kifi, ya ce shi ba Bakabe ba ne, in kai wa mutanen Argungu. Na nuna masa noma, inda ake shuka da hantsi a girbe kafin azahar, ya ce shi ɗan manoma ne, ba zai sa hannu a wannan ƙaryar ba. Na nuna masa filin da 'yan wasa ke gwabzawa da juna, ya ce ba ya faɗa da wanda bai san ubansa ba. Na nuna masa yadda ake sayen fili a gina gida a ƙawata, nan ya ɗan ɗago, ya ƙura ido, ya ce an yanka filayen ba a bar hanyar ruwa ba, ya koma ya kwanta. Akwai ma masu tara huluna da takalma kala-kala don kawai a gan su. Wannan ban ko nuna masa ba, na san abin da zai ce a kan tarbiyyarsu.

Abin da ya yi aiki ba ni na gano shi ba, duk da zan so in ce ni ce. Wata la'asar na gaji, na bar mayaƙinsa tsaye a ƙofar garin farko, wadda Baba ke kira Ƙofar Kware, na fita Inna na kirana. Da na dawo na tarar ya jawo kwamfutar kan cinyarsa. Wani sabon shiga ne, da tsummokaran da ake ba kowa ranar farko da ɗan sandan katako, ya rubuto yana tambayar hanyar gada. Ka tuna dajin nan da ke tsakanin garin da gadar, inda namun daji ke kashe sababbi har wasu su yi fushi su bar wasan gaba ɗaya? Baba ya fara rubuta masa kwatance da yatsa ɗaya, sai ya tsaya, ya goge. Ya ce da ni ba a nuna wa baƙo hanya da baki alhali ƙafa tana nan. Ya ɗora hannun hagun nan a kan maɓallai, ya shiga gaba, baƙon yana bin sa.

Da suka isa bakin gada sai Baba ya tsaya cak. Baƙon ya roƙe shi su ƙetare tare. Ka san da ƙarfin da mayaƙin Baba yake da shi yanzu zai iya jan yaron har fadar azzalumin a yini guda, kuma na ga akwai masu yin haka. Baba ya ƙi. Ya ce in rubuta masa da Turanci mai kyau cewa rakiya ya yi, ba tafiya ba. Mai rakiya yana da inda yake tsayawa, daga nan hanya ta mai ita ce. Ya yi masa addu'ar sauka lafiya, ya juya ya koma ƙofar gari a ƙafa, duk da akwai maɓallin da zai mayar da shi nan take. Na nuna masa, ya ce ya sani.

Tun daga ranar aikinsa ke nan. Da hantsi da kuma bayan la'asar yana ƙofar gari. Labari ya bazu a tsakanin 'yan wasa cewa akwai wani dattijo da ke raka mutane kyauta, sharaɗinsa ɗaya, sai an gaisa. Kuma ka san gaisuwar Baba: gajiya, gida, iyali, aiki, sanyi ko zafi, sannan a sake komowa kan gajiya. Wasu tun a tambaya ta uku suke rugawa daji su kaɗai, su mutu, su dawo su amsa sauran. Wata ma'aikaciyar jinya daga Filifin yanzu tana rubuta masa lafiya lau, kuma a kan komai take rubutawa, har ranar da kura ta cinye ta. In an kira salla yana kai su gindin wata bishiya a tsakiyar daji ya ce su jira, kuma abin mamaki, suna jira. Kuskure ɗaya ya yi da har yau ba a yarda a ambata ba a gabansa: ya kwana biyu yana raka wani mai jaki da ba ya amsa sallama, yana ta mita a kan rashin kunyar 'ya'yan zamani, sai da na gaya masa wannan ba kowa a bayansa, kwamfuta ce ta ƙirƙire shi, hanyar nan zai yi ta bi har abada. Baba ya ce duk da haka da ya amsa.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutun nan. Ranar Asabar da ta wuce Malam Lawwali, abokinsa na ma'aikata, ya zo daga Runjin Sambo. Wannan karon Baba bai ce yana barci ba. Suka zauna a tsakar gida, Baba yana ba shi labarin daji da gada, Malam Lawwali yana gyaɗa kai irin na wanda ya yanke shawarar ƙara wa abokinsa addu'a. Da ya tashi tafiya sai Baba ya ce wa Wasila ta miƙo masa sandarsa. Duk muka ɗauka bayi zai shiga. Sai ya bi bayan baƙonsa zuwa zaure. Malam Lawwali ya ce ya koma haka nan, ya gode. Baba ya ce su je dai. Suka fita ƙofar gida, wadda bai taka ba tun dawowarsa daga asibiti in ba a mota ba. Malam Lawwali ya sake cewa ya isa, Baba ya sake cewa su je dai. Ƙafar tana ja, sandar tana rawa, haka suka wuce shagon tela, suka wuce mai injin markaɗe, har bakin titi inda ake samun keke. Ni ina bin su daga nesa kamar mai zuwa sayen katin waya. Inna kuwa tana bayan ƙyauren zaure, ta rantse iska take sha. Sai da keken ya tashi sannan Baba ya juyo, ya gan ni, ya ce tunda na fito leƙen asiri sai in zo in riƙe masa hannu.

A hanyar dawowa, muna tsayawa yana hutawa, ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Ya ce duk ɗan da ya bar gidan nan, ko makarantar kwana za shi, sai ya raka shi tasha. Kai kaɗai ne ka yi tafiya mafi nisa, kuma yana kwance yana kallon silin ka yi masa sallama. Ya ce ba ciwon ne ya fi tsaya masa a rai ba, wannan ne. Sai ya koma yi mini faɗa a kan yadda nake riƙe hannun.

Ba zan ce maka ya warke ba. Maganar tana sarƙewa in ya gaji, yatsu biyu har yanzu ba su jin umarni, akwai kuma ranakun da ba ya buɗe kwamfutar ko kaɗan. Amma likita ya ce a ci gaba da duk abin da ake yi, jiya kuma Baba ya tambayi Yaya Sirajo ko har yanzu akwai dakalin nan a ƙofar masallacin unguwa. Saboda haka kada ka taɓa karatunka. Idan ka dawo a kansa, zai gane, kuma zai koma ɗaki don kunya. Sabon gem ɗin ma ka bar shi. Wani labarin ne zai ƙare, a sake yi masa ritaya ta uku.

Abin da nake so ka yi ƙarami ne. Hantsinmu la'asar ɗinku ce. Ranar da ba ka da darasi, ka shiga wasan, amma ba da tsohon mayaƙinka mai sulke da fukafukai ba. Ka buɗe sabo, da tsumma da sandan katako, ka sa masa sunanka na gaskiya. Ka zo ƙofar gari ka yi sallama, ka amsa gaisuwar duka, kada ka yanke ko ɗaya. Sannan ka tambayi hanyar gada kamar ba ka taɓa bin ta ba. In kun isa ya tsaya, kada ka roƙe shi ya ƙetare, kada kuma ka tsaya jiran sa. Ka karɓi addu'arka ka wuce.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci mai nauyi. Wasila tana gaisuwa, da Yaya Sirajo da iyalinsa, da Gwaggo Hauwa'u, da Mu'az da ke tambayar ko ka samu kilishin da ya aika. Ka gaishe mini da abokin zamanka Zulkifilu, ka ce mun gode da kula. Baba bai san na rubuto ba, don haka ban karɓo maka gaisuwarsa ba. Wannan sai ka je ƙofar gari ka karɓa da kanka.

Allah Ya tsare, Ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Zaituna Maccido