Bana Ke Za Ki Fito

Zuwa ga Sarlota, furen unguwar Tugu, sanyin idona, ruwan farkon damina a kan zuciyar da ta gaji da jira!

Gaisuwa daga wanda yatsunsa ke kan tsirkiyar garaya, hankalinsa kuwa yana ƙofar gidanku. Jiya labari ya iso min: babanki ya sayar da gida ga masu ajiye kwantenoni, kuma da an gama bikin sabuwar shekara za ku kwashe ku koma garin Manado. Wayyo Sarlota! Manado fa, ƙetaren teku? Ashe tsakar gidan da kika koyi tafiya, manyan motoci ne za su riƙa kwana a ciki?

Kin tuna bara, ranar da muke shafa wa juna hoda don neman gafara? Kika dangwala min a kumatu, hannunki da sanyi kamar randa, sannan kika tambaye ni me ya sa kiɗanmu na keroncong, ko na biki ne, sai ya yi kama da ban-kwana. Kaka Dorce ce ta ɗago daga tukunyar miyar kifinta ta ce, "Ke 'yar nan, kin tambayi kurma! Shi kaɗawa kawai ya iya. Bari wani nasa ya tafi tukuna, zai ba ki amsa."

To ga amsar, masoyiyata, tun ba ki tafi ba. Waƙar nan baƙuwa ce. Jiragen Fotugal ne suka sauke ta tun zamanin kakannin kakanni, da kalmomin da muke rerawa yau ba mu san ma'anarsu ba. Iyayenmu suka sassaƙa mata 'yar garaya da itacen ƙasar nan, mutanen karkara suka ara mata sarewa, mata suka yi renon jarirai da ita. A nan ta yi aure, a nan ta haihu. Amma duk sa'ad da iska ta taso daga teku, sai ta waiwaya! Wannan waiwayen kike ji. Tun jiya shi kaɗai nake kaɗawa, har abokan kiɗa sun ce ina jan su baya.

A mafarkina kina tsaye bakin rafi da farar riga, kina rera baitin da ba mai fassara shi, ni kuma ina gane kowace kalma. Wa zai rera min shi in kin tafi? Wa zai harare ni in na yi kuskure?

Ba ni da wani abin kirki: ɗaki ɗaya a bayan coci, da garaya, da zuciyar da ba ta san kowa ba sai ke. Ki zauna, Sarlota. Ki aure ni.

Ranar sabuwar shekara za mu bi gida-gida da kiɗa yadda aka saba, kowane gida ya ba mu mutum ɗaya ya bi ayari. Kullum yayanki Bastiyan ne ke fitowa. Bana gidanku zai ba da mutum karo na ƙarshe. Zan tsaya a ƙofa ina kaɗawa, ba zan ɗaga kai ba sai na ji takun mai fitowa. Na san takun Bastiyan, na kuma san naki; in naki na ji, na san kin amince.

Naki, ko kin fito ko kin tafi, har tsirkiyar raina ta tsinke,
Domingus